Ba Tsufa Ba Ne, Tsaga Ce

Kyeburn,
23 ga Yuli.

Zuwa ga ɗana Struan,

Gaisuwa mai tarin yawa daga uwarka, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Narelle da yara. Allah ya tsare ka a ramin ƙarfen nan da kake shiga kullum da ƙatuwar motarka, ya fito da kai lafiya kowace yamma, ya sassauta muku zafin Karratha, ya raya mana Tamsin da Euan. Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Kai ne ka hana ni. In muna waya ba ka bari in kai ƙarshen zance, sai to Mama, to Mama, ina jin ka kana neman takalminka. Takarda kuwa ba a katse ta. Ka nemi wuri ka zauna ka karanta har ƙasa, kada ka tsallake ko layi ɗaya, don akwai sunanka a tsakiya.

Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ka san Yuli a nan tsakiyar hunturu ne, sanyi kuwa ya zauna da gindinsa bana, famfon waje ya daskare sau biyu, kuma madatsar ruwa ta yi ƙanƙarar da ta isa a taka, don haka maƙwabcinmu Dougal ya manta yana da tumaki, kullum yana can da tsofaffin abokansa suna wasan tura duwatsu a kan ƙanƙara suna ihu kamar yara. Gwaggonka Isobel an yi mata aikin ido, ya yi kyau har ya wuce misali, yanzu ƙurar gidan kowa take gani. Karena Moss ya ƙara kurumta, amma in an buɗe kwanon biskit yana ji daga rumfar askin tumaki. Gwiwata tana nan yadda ka san ta, da safe mu yi faɗa, da rana mu shirya.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san abin da ya same ni bara a Kwanar Fasto, amma daga bakin yayarka Catriona ka ji shi, ba daga nawa ba. Ranar Lahadi ce, dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, na fito zan gangara coci. Shekara hamsin da ɗaya ina bin kwanar nan, na bi ta da cikinka, na bi ta da tirelar tumaki, na bi ta ranar da muka kai babanku asibiti. Ina giya ta biyu, ban yi gudu ba, ban danne birki ba. Na karya sitiyari kamar kullum, gaban motar ya bi, sai kawai na ga bayanta yana zuwa ta gefena kamar zai gaishe ni. Kafin in ce wani abu ina kallon gidan da na baro, sannan muka ratsa shingen waya muka kwanta a rami. Ban ji ciwo ba sai ƙujewa a haƙarƙari, amma kwanon wainar da na gasa wa 'yan coci ya kife a ƙafata, na zauna a wurin ina kallonsa har Dougal ya zo da tarakta.

Abin da ya biyo baya kana ciki. Catriona ta taho daga Dunedin a ranar, ta rungume ni, ta yi kuka, ta tafi da makullin motar a jakarta. Kai kuma ka kira ka ce shekara saba'in da huɗu ba wasa ba ce, ga tudu, ga kaɗaici. Kuka nemo min ɗaki biyu a gidan tsofaffi na Mosgiel, mai tagar da ke kallon bangon wani, inda ba a yarda da kare ba, aka sa ni a layi, aka ce in wuri ya samu sai in zo in sa hannu. Ban yi muku gardama ba, kun kuma yi mamaki, don kun san bakina. Ban yi gardama ba ne saboda na yarda da ku. Na ɗauka hannuna ne ya ci amanata. Wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: tun daga ranar na daina yarda da kaina a komai. Na daina hawa kujera in ɗauko kwalba, in baƙi sun zo sai in ce su zuba wa kansu shayi kada in ƙona wani, murhu kuwa sai in koma in duba shi sau uku. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Shekara guda ina zaune a gidan da na haife ku kamar wadda aka ba aron ɗaki, Dougal yana kai ni kanti ranar Alhamis yana ba ni labarin ciwon bayansa.

A watan Yuni aka bugo daga Mosgiel aka ce wuri ya samu, in zo ranar sha shida ga Yuli da ƙarfe huɗu. Catriona ta aiko min da makullin ta gidan waya don a sayar da motar, ni kuma na kira Huia ta zo ta duba ta. Ka tuna Huia, 'yar mai garejin Ranfurly, wadda kuka yi aji ɗaya, wadda ta fasa maka hanci a filin ƙwallo ka ce mana ƙofa ce ta buge ka. Ita ke riƙe da garejin yanzu, kuma da hunturu takan hau dutse ta yi aiki da masu gwajin taya da ke zuwa daga ƙasashen waje. Ta zo da safe da hular ulu har gira, ta zagaya motar sau ɗaya, ta tsuguna a gaba, ta tsuguna a baya, ta daɗe a bayan. Sai ta ɗago ta ce, Gwaggo Glenys, wane maƙiyin naki ne ya sa miki waɗannan? Na ce waɗanne, ai babanku ne ya sa tayoyin nan huɗu a hunturunsa na ƙarshe, ban taɓa su ba, ban ma taɓa kallonsu ba. Ta ce to marigayi bai sa waɗannan biyun ba, sai dai in dawowa ya yi, don a shekarar ƙira da aka buga a jikinsu ya riga ya kwana biyu a makabarta.

Ta sa na tsuguna, da gwiwar nan tawa, ta ce in duba na gaba. Tayoyin gaba duk jikinsu ƙananan tsage-tsage ne masu lanƙwasa, sirara kamar an ja su da reza, ɗaruruwa. Ta danna da babban yatsa sai na ga tsagar ta buɗe baki. Ta ce haka take yi in nauyin mota ya hau kanta, kowace tsaga ta buɗe ta ciji ƙasa, kuma robar mai taushi ce, sanyi ba ya sandarar da ita. Sannan ta ja ni baya. Na bayan kuwa kyawawa ne, baƙaƙe wuluk, da manyan haƙora kamar na tarakta, ba tsaga ko ɗaya. Ta ce in danna. Na danna, kamar in danna dugadugan takalmi. Ta ce waɗannan na jar ƙasa ne da tsakuwa da taɓo, an yi su don su tofar da duk abin da ya shiga tsakanin haƙoransu, a wurinsu ba su da na biyu, amma a kan dusar da ta daskare ba su da bambanci da faranti. Ta ce, Gwaggo, gabanki yana riƙe, bayanki yana sulɓi, to ina kike so bayan ya je in ba gaba ba? Ko ni aka ba wa motar nan a Kwanar Fasto ramin zan kwana, kuma ni ana biyana don in tuƙa a kan ƙanƙara.

Na dafa motar na miƙe tsaye. Ita kuma ta shiga neman inda 'yan uwan na gaba suka tafi, ta ce taya ba ta tashi sama. Ta leƙa gareji, ta leƙa rumfar aski, ta zagaya baya, can sai na ji dariya irin wadda mutum ke riƙe bango. Na bi ta na same ta a lambuna. Struan, da bazarar bara na tsinci tayoyi biyu a jingine bayan rumfa, na ɗauka cikin tarkacen babanku ne, na mirgino su, na ɗora ɗaya a kan ɗaya, na cika da ƙasa da takin tumaki, na shuka dankali. Ya kuma yi kyau, na ba Isobel rabin buhu. Huia ta share ƙasar da hannun rigarta, ga tsage-tsagen nan reras, ko rabi ba su cinye ba. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin dankalin da aka yi wa gata irin wannan ba, in ya so ya hau dutse da hunturu ba abin da zai hana shi. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Shekara guda ina kukan tsufa, maganin yana bayan rumfa ina zuba masa ruwa.

Da yamma na kira Catriona na ba ta labari, na ce ban san wanda ya yi wannan aiki ba. Sai ta yi shiru irin shirun da take yi tun tana ƙarama in ta san wanda ya shanye madara. Na ce fito da shi. Ta ce ai Kirsimetin da kuka zo, bara waccan, ranar da Narelle ta ja ni Naseby shan shayi da yara, kai ka zauna wai kanka na ciwo. Ta ce ka duba motar ka ga tayoyin duk sun tsattsage, ka ce a wurinku in roba ta yi haka rana ta gama cinye ta, saura fashewa. Ka kwance na baya biyu, ka jefa a motar haya, ka kai gari aka sa sababbi mafiya ƙarfi da ke shagon, ka dawo da tsofaffin ka jingine su bayan rumfa, ka ce na gaban sai zuwa na gaba don biyu kawai suke da su. Kuma ka sa ta yi alkawarin ba za ta gaya min ba, don ka san zan ce ba na so. Ita kuma ba ta taɓa haɗa wannan da hatsarin ba, a ganinta sabuwar taya ai sabuwar taya ce.

To ɗan nan, ga sunanka da na ce yana tsakiya. Kai da kake aiko mana hotonka tsaye kusa da tayar da ta fi ɗakin girkina tsawo, kai da ka cika mana kunne a teburin Kirsimeti da yadda ake gane roba, ka dubi tsagar da masu ilimi suka zauna suka zana ka ce tsufa ne. Garin neman gira aka kusa rasa ido. Na yi dariya har Moss ya tashi ya bar ɗakin, kuma ina so kai ma ka yi, don na san halinka, yanzu haka ka ajiye takardar ka fita waje kana shafa ƙeya. Dawo ka zauna. Ka bar nan kana ɗan shekara sha bakwai, lokacin sarƙa muke ɗaura wa taya, ba wanda ya san irin waɗannan. Shekara talatin kana ƙasar da ko raɓa ba ta daskarewa. Abin da na gani a labarin nan shi ne ɗana ya kwanta a ƙasa a ranar hutunsa, cikin zafin Kirsimetinmu na nan, ya kwance tayoyin uwarsa don yana tsoron kada su fashe da ita a hanya, ya kuma ɓoye don kada a gode masa. Babanku sak. Ban riƙe ka da komai ba, kuma na hana ka riƙe kanka.

Sai dai kada ka ɗauka maganar ta ƙare a nan. Yayarka ta ce ta ji, taya ce, amma Mama shekara guda ba ki taɓa sitiyari ba, shekarunki kuma ba su koma baya ba, wurin nan in ya wuce sai an sake shekara biyu a layi. Ba ƙarya ta yi ba. Huia ta tafi da tayoyin ta wanke su, ta duba su ciki da waje, ta ce za su kai wannan hunturun da na gaba, ta mayar da su, ta nuna min kibiyar da ke gefen kowace, ta ce dole ta kalli gaba don zanen ya riƙa ture ruwan dusa waje. Ta kuma ja min kunne ta ce in na ga dusa ta cika ramukan tayar kada in kuskura in ƙwaƙule, don dusa dusa take kamawa, kamar yadda in ka dunƙula ta a hannu take manne wa 'yar uwarta. Ta ce motar ba ta sayarwa ba ce, in hau abata. Na ce to. Amma da ta tafi, sati uku ina shiga motar kowace safiya, in tayar, in zagaya tsakar gida, in je bakin ƙofar shinge, in tsaya. Daga nan ana hango inda hanya ta fara gangara. Sai in ji tafin hannuna ya jiƙe, in yi baya in mayar da ita gareji. Kaina ya yarda da Huia, cikina bai yarda ba. Har na fara naɗe kofuna a jarida ina sa wa a kwali, na kuma roƙi Dougal ya karɓi Moss.

Ranar sha shida na tashi na ga duniya ta yi fari fat, dusar ta kai tsakiyar ƙwauri, kuma ka san motar share hanya ba ta zuwa tamu sai ta gama da kowa. Wajen ƙarfe goma Catriona ta bugo. Ta taho ɗaukata da ƙatuwar motar nan tata mai faɗin taya, wadda mijinta ke wankewa duk Asabar, ta baro babban titi, ta wuce akwatin wasiƙu, tana fara hawa motar ta juya gefe ta zauna a gindin kwanar, ba gaba ba baya. Ta kira Dougal yana can kan madatsa, ta kira Huia tana jan wata babbar mota a hanyar Ranfurly, sai bayan awa uku. Ta ce za ta tako da ƙafa. Na ce da wane takalmin? Na ofis ne a ƙafarta, kuma kilomita uku ne zuwa gida, iska na yanka kamar wuƙa. Ban san lokacin da bakina ya ce ki zauna a mota, ga ni nan zuwa ba. Ta fara Mama kada ki, Mama don Allah, na ajiye wayar.

Na sa rigar babanku, na zuba shayi a gora, na ɗauki takalman roba guda biyu, Moss ya haye kujerar baya ba tare da an gayyace shi ba. A bakin ƙofar shinge na tsaya kamar kullum, hannuna ya jiƙe kamar kullum. Bambancin kawai yau 'yata tana ƙasa cikin sanyi. Na sa giya ta biyu na saki. Abin da na fara lura da shi ƙara ce, wani ƙurus-ƙurus a ƙarƙashina kamar ana tauna rake, ashe tayar ce take cizon dusa. Na ɗan taɓa birki a miƙaƙƙen wuri don in ji, motar ta tsaya cak, duk ƙafafunta huɗu tare. Na sake saki. Da na hango shingen da Dougal ya gyara, inda sabuwar wayar ta fi sauran haske, na ce Ubangiji ga baiwarka. Na karya sitiyari a hankali, gaban ya bi, na jira bayan ya zo gaishe ni. Bai zo ba. Ya bi gaban kamar ɗan rago a bayan uwarsa, muka zagaye Kwanar Fasto muka fito, sai na ji wata tsohuwa tana ihu a cikin motar tana dukan sitiyari, ashe ni ce.

Na sami Catriona tsaye a gefen motarta ta rufe baki da hannu biyu, leɓenta ya yi shuɗi. Na tsaya daidai ƙafarta, na sauke gilashi na ce ko baiwar Allah tana son a rage mata hanya. Ta ce Mama wallahi ba ki da kirki, tana dariya tana hawaye. Ta sa takalmin roba, ta sha shayi, sannan don ta nuna ita ma tana da amfani sai ta tsuguna da makullinta ta fara ƙwaƙule dusar da ta cika tayata. Na buge hannun na ce bar min kayana, dusa dusa take kamawa, sai ka ce ni na ƙirƙiro maganar. Muka juya a bakin akwatin wasiƙu muka hau. Ta riƙe marikin ƙofa da hannu biyu, tana taka birkin da babu a gefenta, tana cewa a hankali, a hankali. 'Yar motar nan da kuke wa dariya ta ratsa ta gefen ƙatuwar tata, ta haye tudun ko tari ba ta yi ba.

A gida ta ga kwalayen kofuna a kan tebur, ta matsar da su gefe, na zuba mana miya. Da muka ci miya ta ce to yanzu ya za a yi da ƙarfe huɗu, ga motarta a maƙale a gindin kwanar. Na ce na yi wa mutane alkawari zan zo, kuma zan je, an ce an buɗe hanyar Middlemarch tun tsakar rana. Ta ce wa zai tuƙa? Na ce wa kika gani? Ta ɗauki ambulan ɗin takardun Mosgiel da zan sa wa hannu ta ɗora a cinya, muka sake gangara Kwanar Fasto, karo na biyu a rana ɗaya, wannan karon har ina ba ta labarin idon Isobel. Har muka wuce Hyde tana riƙe da marikin ƙofa. Bayan nan ta saki hannu ɗaya. Ta fara ba ni labarin aikinta na asibiti, yadda ta yi sati uku tana kwana a tsaye, da rigimar babban ɗanta, muryar tana raguwa. Kafin Middlemarch na yi mata tambaya ban ji amsa ba. Na waiga, ta jingina kai da gilashi, baki a buɗe, tana barci.

Struan, rabon da yarinyar nan ta yi barci a motar da nake tuƙawa tun tana 'yar firamare, in na ɗauko ku daga wasan iyo. Shekarun nan duk ita ce mai tsaro, ita ke ƙirga min magani, ita ke kallon ƙafata in ina sauka daga matakala. Ga ta yau a kan hanya mai dusa, a hannun tsohuwar da ta karɓe wa makulli, tana minshari. Na rage rediyo, na bi kowace kwana kamar ina ɗauke da ƙwai, ina hawaye ina murmushi har Outram. Ban taɓa jin daɗin tuƙi irin na ranar ba.

Mun isa Mosgiel saura kwata. Ban tashe ta ba. Na bar injin yana aiki don ɗumi, na bar Moss yana gadinta, na shiga ni kaɗai. Matar ofishin mai kirki ce, na gode mata, na ce ta ba wa na bayana a layi, ni ban shirya ba tukuna. Ta ce in na fita sai na koma ƙarshen layi. Na ce ƙarshen ya yi min daidai. Da na dawo Catriona ta buɗe ido ta ce mun iso? Na ce mun iso, mun ma gama. Ta dubi ƙofar gidan, ta dubi ambulan ɗin da ke cinyarta ba a buɗe ba, ta dube ni. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi tun daga Outram. Sai ta tura ambulan ɗin ƙarƙashin kujera, ta gyara zama, ta ce ita yunwa take ji, in kai ta inda ake soya kifi da dankali, kuma in tashe ta in mun isa.

Saboda haka ina nan a gidana, na fito da kofuna daga jarida, jiya na hau kujera na ɗauko kwalbar zuma. Ba na yaudarar kaina, ranar Mosgiel za ta zo, wataƙila baɗi, wataƙila bayan shekara biyar. In ta zo ni zan fara gaya muku, ba sai kun haɗa kai a bayana ba. Amma ba bana ba.

Ka gaishe min da Narelle da kyau, ka ce na ga hoton labulen da ta ɗinka, hannunta ya faɗa. Ka sumbaci Tamsin da Euan, ka ce kakarsu tana saƙa musu safa ko da ba za su sami ranar sa ta ba a garin nan naku. Ka miƙa gaisuwata ga surukanka, Allah ya ƙara wa baban Narelle sauƙi. Gwaggonka Isobel tana gaishe ka, Dougal ma haka, Huia kuma ta ce in gaishe ka da babbar murya. Yayarka ta ce ka kira ta, amma ka bari sai ka gama jin kunya. In Allah ya kai mu Kirsimeti ku sauka a Dunedin, kada ka ɗauki motar haya, ni zan zo in ɗauke ku.

Allah ya yi maka albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce uwarka mai ƙaunarka,
Glenys